Zauren Kiwo: Kofaton Saniya, Cuta Ko Magani?

Jama'a, assalamu alaikum. Wasiƙun wannan wata kamar an haɗa baki, kusan duk a kan kiwon nan ne na matsar da shanu daga wuri zuwa wuri don fili ya huta, wanda ake cewa yana raya matacciyar ƙasa. Na zaɓi biyar. Wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri, shafin ne ba ya miƙewa.

TAMBAYA: Malam, ina da fili hekta 15 a wajen Soba, gadon mahaifinmu ne, da shanu 25, yawancinsu farare. Shekara shida ke nan da na kewaye shi da waya suna kiwo a ciki. Da can gamba ce har tana rufe mutum. Yanzu tafasa ta cinye gefe guda, ɗaya gefen kuma ya zama faƙo. Ɗana ya nuna mini bidiyon wani Bature mai suna Allan Savory yana cewa ƙara shanu ne maganin mataccen fili. Shin in ƙaro?
Daga wani Alhaji a Zariya

AMSA: Alhaji, Allah Ya jiƙan mahaifinku. Kada ka ƙaro ko maraƙi ɗaya tukuna.

Savory mutumin Zimbabuwe ne, jawabin nan da ke yawo a wayoyi kuwa a 2013 ya yi shi. Kafin shi an yi wani manomi Bafaranshe, André Voisin, wanda a shekarun 1950 ya riƙa zama a gonarsa ta Normandi yana kallon yadda saniya ke cin ciyawa, kamar wanda ba shi da aikin yi. Abin da ya fito da shi daga wannan zama shi ne tushen maganar duka: cin ciyawa ba ya kashe ta, sake cin ta kafin ta farfaɗo shi ke kashe ta.

Ka je filinka da hantsi ka tsaya ka lura. Saniya akwai zaɓe. Ta sa baki a gamba, ta tsallake tafasa. Da damina, bayan kwana huɗu ko biyar, gambar ta fito da toho mai laushi, wanda babu abin da ya fi shi daɗi a bakin saniya, sai ta dawo ta tsinke. To wannan tohon, da abincin da ta ajiye a gindi da saiwa ciyawar ta yi shi. Bashi ta ci, tana sa ran ganyen zai sha rana ya biya. An cinye ganyen, ta sake cin wani bashin. A haka saiwar ke gajarcewa har ta kasa kai wa ga danshi, rani ɗaya ya ƙarasa ta. Tafasa kuwa ba mai taɓa ta. Ta yi fure, ta zubar da iri, shekara shida tana gaje filin a hankali. Inda shanun suka fi taruwa kuma, bakin komin ruwa da gindin inuwa, kofato ya daddaɓe ƙasar, ruwan sama ya koma gudu a kai maimakon ya nutse. Faƙonka ke nan.

Bafulatanin da bai taɓa jin sunan Voisin ba ya san wannan, shi ya sa yake tashi. Wayar da ka zagaya ta tsare maka fili daga shanun wasu, amma ta hana naka tashi. Aikin da ke gabanka shi ne ka mayar musu da tashin a cikin wayar.

Amma kafin nan, lissafi, don nan ne masu kallon bidiyo ke tsallakewa. Saniya mai nauyin kilo 250 tana cin busasshiyar ciyawa kamar kilo 6 a rana. Naka 25 ne, ka ce kilo 150 kullum, wajen tan 55 a shekara. Yanzu me filin ke bayarwa? Da kaka, lokacin da ciyawa ta gama girma, ka auna mita ɗaya tsawo da mita ɗaya faɗi a wurare biyar ko shida, mai kyau da marar kyau, ka yanke, ka shanya ta bushe ƙayau, ka ɗora a sikelin mai shago. A ce ka samu giram 300 a kowane wuri. Tan 3 ke nan a hekta, tan 45 a filin duka. Rabi kaɗai za ka lissafa wa shanu, sauran rabin na ƙasa ne da gara da kofato. Tan 22 da rabi, a kilo 150 kullum, kwana 150. Wata biyar, Alhaji. Kuma wannan a ce filin duka gamba ce, ba tafasa ba faƙo. Sauran wata bakwai ɗin, ko dai ka ciyar da su daga aljihu, ko su ci filin har saiwa. Abin da suka yi shekara shida ke nan.

Saboda haka ka fara da ragewa. Tsofaffin da suka daina haihuwa, da bijiman da ba aikin komai suke yi ba sai faɗa, su tafi kara, wato kasuwar shanu, tun suna da jiki. Na san ragin garke yana da ciwo a zuciya. Ni ma sai da na yi damina biyu ina ɗaga ranar sayar da wata tsohuwar saniya don kawai ita ce ta farko da na saya da albashina.

Sai ka raba filin gida 11. Ni ɗakuna nake ce musu. Shanu su yi kwana uku a ɗaki su koma na gaba, kafin su zagayo na farko ya samu hutun kwana 30. Savory ya yi gaskiya a nan: shanu da yawa a ƙaramin wuri na ɗan lokaci, zaɓen ya ragu, su ci mai daɗi da marar daɗi, su tattake sauran ya kwanta ya rufe ƙasa, su bar kashi da fitsari ko'ina. Mutane suka riƙe "shanu da yawa" suka manta da "ɗan lokaci". Kada ka bi kalanda ido rufe. Gambar ce za ta gaya maka: ta wuce gwiwa, a shiga, ta rage kamar taƙi guda, a fita. A watan Agusta tana saurin dawowa, a ƙarshen damina tana nawa, sai ka tsawaita hutun. Akwai wata riba kuma da ba a cika faɗa ba. Ƙwan tsutsar ciki da ke fita a kashi yana ɗaukar kwana huɗu zuwa mako kafin ya zama abin da zai kama wata dabbar, to shanun da suka tashi a kwana uku sun bar shi a baya.

Ba dole sai ka ja waya goma sha ɗaya ba. Ni da turaku na fara, na shafa musu jan fenti, da yaro makiyayi mai hankali. Daga baya na sayi zaren lantarki mai aiki da sola, wanda ake naɗewa a matsar. Saniya ta taɓa shi da hanci sau ɗaya, ta gama karatu.

Lokacin da ya fi kowane haɗari shi ne saukar ruwan farko. Shanu sun sha wuyar rani, sun hango kore, kai ma tausayi ya kama ka ka buɗe musu. A nan ake kashe ciyawar shekara. Ka tsare su a ɗaki ɗaya wanda ka haƙura da shi, ka ba su kara da harawar da ka ajiye, har sauran filin ya yi mako uku ko huɗu yana girma. Wannan kuwa sai in tun kaka ka yi tanadi, ba a fafe gora ranar tafiya.

Shi kuma faƙon, a ƙarshen rani ka kafa musu makwanci a kansa, dare uku ko huɗu, ka matsar, har ka bi shi duka. Kofaton da ya daddaɓe shi a shekara shida shi zai farfasa ɓawonsa a 'yan kwanaki. Ka watsa irin gamba, ka shimfiɗa kara a kai, sannan ka hana kowa shiga damina guda cur. Amma ka ji kuskurena don kada ka maimaita: na taɓa yin wannan a gefen fadamata mai laka bayan ruwa ya zauna, cikin Yuli. Da ƙasar ta bushe sai ta koma kamar daɓen ɗaki, shekara biyu ina gyaran ɓarnar dare biyar. Laka mai jiƙa ba a kwantar mata da shanu.

In kana da hali, ka ware hekta biyu ka shuka sitailo, wata ciyawa ce dangin wake da ke ƙara wa ƙasa ƙarfi. A shekarun 1980 masu binciken ILCA, wata cibiyar binciken dabbobi ta Afirka, sun yi wannan da makiyaya a yankin Kachiya, fili mai shinge kamar hekta huɗu kusa da ruga, da rani a saki masu shayarwa da masu ciki su ci awa biyu ko uku a rana. Ka leƙa NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa da ke Shika, ga ta nan kusa da kai, ka nemi iri da shawara. Ka kuma share hanyar wuta ta zagaye wurin tun kafin hunturu. Nawa na farko masu farautar gafiya ne suka cinna masa wuta, cikin sa'a ɗaya ya zama toka.

TAMBAYA: Baba, ni ba ni da saniya ko ɗaya. Gero nake nomawa a jigawa, gonar ta gaji, ƙuduji ya yi yawa, takin zamani kuma ya fi ƙarfina. Ina yaro na ga Fulani suna sauka a gonarmu da rani, mahaifina yana ba su dame. Wannan yana da amfani da gaske, ko in sayi taki a amalanke kawai?
Daga wani manomi a ƙasar Gumel

AMSA: Ɗana, abin da mahaifinka ya yi shi ne Turawa ke tashi takanas su je Dimbangombe, cibiyar Savory da ke kusa da Victoria Falls a Zimbabuwe, su gani: a kwantar da shanu a gona, a riƙa matsar da makwancin. Mu mashekari muke ce masa, kuma ba mu taɓa biyan kuɗin jirgi a kansa ba.

Taki a amalanke yana da amfani, amma rabin kayan ka saya. Ɗaya rabin fitsari ne, shi kuwa ba ya hawa amalanke. Kaso mai yawa na sinadarin nan da kake saya a buhun yuriya, a fitsarin saniya yake fita. Masu bincike a cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, sun gwada: gero a inda shanu suka kwana suka bar kashi da fitsari, da gero a inda aka zuba kashin kaɗai. Na inda suka kwana ya fi bayarwa, kuma da tazara. Ga shi takin da aka tara a bayan gida ya sha rana, ya sha iska, wani ƙarfin ya riga ya tashi kafin ya iso gona.

Abin da mutane ke ɓatawa shi ne barin makwanci wuri guda wata biyu. Wurin ya ƙone don yawan taki, gero ya yi ganye ya kwanta, sauran gonar kuwa ko ƙamshi ba ta ji ba. Ka roƙi mai shanun a riƙa matsarwa duk bayan dare biyu ko uku, kuma kai za ka taya ɗaukar ƙaya da turaku, don aiki ne, ba zai yi maka shi kaɗai ba. Ka fara da inda ƙudujin ya fi yawa, domin ƙuduji ɗan gidan yunwa ne, gonar da ta ƙoshi ba ya sakewa a cikinta. Ƙarshen rani ya fi, gab da ruwa, don kada takin ya daɗe a rana, kuma masu tsintar kandilo su rage samun rabo.

Kada ka sa rai da yawa a shekara ɗaya. Saniya tana zubar da busasshen kashi kamar kilo uku a yini, wajen rabinsa da dare. Shanu 30, kilo 45 a dare. Wata biyu, tan biyu da ɗoriya, abin da zai yi wa hekta ɗaya shafa mai kyau. Sai dai ƙarfinsa yana kai shekara biyu zuwa uku a ƙasa, don haka bana wannan kusurwa, baɗi waccan.

Akwai gaskiyar da ya kamata mu manoma mu haɗiye ko da ɗaci. Saniya ba ta ƙirƙirar taki. Ɗauko shi take daga daji da rana ta sauke maka a gona da dare. In aka nome filayen kiwo, aka toshe burtali, to an rushe rumbun da ake ɗebo maka takin daga ciki. Dokar keɓe wuraren kiwo ta Jihar Arewa tun 1965 take, ka duba ka ga nawa ne suka rage a hannun shanu. A zamanin mahaifinka manomi ke ba da dame. Yau makiyayi ke biyan kuɗin kara, ya ci ya wuce, ba ya kwana, saboda kowa na tsoron kowa.

Don haka kada ka yi yarjejeniyar a bakin hanya. Ka nemi wanda aka san rugarsa da iyayensa, ku zauna gaban mai unguwa da arɗo, a faɗi ranar shiga, ranar fita, inda za su sha ruwa, da wanda zai biya in aka yi ɓarna a gonar maƙwabci mai rogo. Kai kara da ruwa, shi kwana. Kuma kada ka bari su cinye karan tas har ƙasa ta zama tsirara, iskar bazara za ta kwashe maka saman gonar ta kai wa wani. Kashi ɗaya cikin uku ya kwanta a wurin, gara za ta shigar da shi ciki.

In da tohon gawo a gonar, ka bar shi ka gyara masa rassa. Da damina yake kaɗe ganye, ba ya yi wa gero inuwa, da rani kuma ya yi ganye da 'ya'yan da shanu ke so, su taru a gindinsa su yi maka taki ba ka roƙa ba. Maƙwabtanku na Maraɗi da Damagaram da wannan barin tohon suka mayar da itatuwa a gonaki miliyoyin hekta tun daga shekarun 1980, kuma ba ramin dashe suka haƙa ba.

TAMBAYA: Malam, na yi ritaya daga koyarwa bayan shekara 35. Ina so in sa kuɗin sallamata a irin wannan kiwo, an ce yana da riba fiye da na gargajiya. A shekara nawa zan mayar da kuɗina?
Daga wata Hajiya a Kano

AMSA: Hajiya, Allah Ya sa albarka a hutun. Zan gaya miki abin da zan gaya wa ƙanwata: kada ki zuba kuɗin duka, kuma kada ki fara da sayen fili.

Ribar wannan kiwo ba daga tsadar nama take zuwa ba. A kasuwar Wudil ko Maigatari babu dillalin da zai ƙara miki naira ɗaya don sanki ya yi kiwo ɗaki-ɗaki. Ya dafa tozo, ya dubi cinya, ya faɗi kuɗi. Ribar a abin da ba ki kashe ba take. Wani manomi a Amurka, Gabe Brown, da ake yawan kafa misali da shi, ƙanƙara da fari ne suka cinye masa amfani shekara huɗu a jere, daga 1995 zuwa 1998, har ya rasa kuɗin taki da magani. Dole ce ta sa ya koma dogaro da shanu da shukar da ke rufe ƙasa, daga baya ya ga ƙasar ta gyaru kuɗin da yake kashewa kuma ya ragu. Amma shi yana da takardar filinsa da babu mai ja, kuma ba ya kwana da fargabar ɓarayin shanu. Ki sa waɗannan biyun a lissafinki tun kafin ki sa kuɗin waya.

A nan gida, inda kuɗi ke zurarewa rani ne. Saniya ta yi jiki da damina, ta zubar da shi daga Fabrairu zuwa Mayu, ta sake ginawa, kamar mai ɗinki yana farkewa. Saboda wannan ramar ce karsanar Bunaji a kiwon gargajiya takan kai shekara huɗu ko fiye kafin haihuwar fari, daga nan kuma sai kusan duk shekara biyu. In kika iya tsare mata jiki da rani da abincin da kika noma da kanki, harawar wake da ta gyaɗa, lablab (shi ma dangin wake ne), sitailo, kara da aka adana a inuwa, maimakon dusa da anguryar kasuwa da tsadarsu ke hawa daidai lokacin da kika fi bukata, to tazarar haihuwa za ta ragu. Maraƙi uku a inda da biyu za a samu, nan ribar take. Ba ta da hayaniya, kuma ba ta zuwa a shekarar farko.

Ki lura da tsawon hanyar. Kin sayi karsana yau, ta ɗauki ciki, wata tara ta haihu, maraƙin ya yi shekara biyu zuwa uku kafin ya zama abin kai wa kara. Filin da ya lalace shi ma damina biyu ko uku yake so kafin ya nuna ya ji magani. Wanda ya ce miki za ki mayar da kuɗi a shekara ɗaya ta hanyar garken haihuwa, ki tambaye shi shanu nawa ya taɓa riƙewa.

Da ni ne ke, da kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin zan fara. In yi hayar gona ko in yi amfani da ta dangi, in noma wake da dawa da lablab, in turke bijimai uku ko huɗu da aka saya da kaka, a ciyar da su wata uku zuwa huɗu a sayar, takinsu ya koma gonar. Wannan kuɗin yana juyawa a cikin shekara, kuma zai koya miki abin da ba a koya a takarda: ko yaron da kika ɗauka amintacce ne, ko ruwan wurin yana kai wa bazara, da yadda ake ciniki a kara ba a yi miki wayo ba. Allurar ciwon huhu duk shekara kada ta wuce ki. Littafin kashe kuɗi kuwa ba sai na gaya wa malamar makaranta ba, har kuɗin kanwa ki rubuta.

Abu ɗaya da ba ki ambata ba: nisan wurin da gidanki. Kiwon da ake matsar da shanu duk kwana uku ba ya yiwuwa ta waya. In ba za ki iya zuwa sau biyu a mako ba, ki rage buri.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibin aikin gona ne. Malaminmu ya ce masana da dama ba su yarda da maganar Savory ba. Kai kuma ga shi kana koyar da ita. Wa ke da gaskiya? Kuma da gaske ne ana biyan kuɗin kabon, wato ladan da ake ba wanda ƙasarsa ta riƙe sinadarin kabon da ke ɗumama duniya in ya hau iska?
Daga wani ɗalibi a Samaru

AMSA: Ɗana, malaminku bai yi ƙarya ba. A 2008 David Briske da abokan aikinsa a Amurka sun tattara gwaje-gwajen shekaru da dama, suka ce a mafi yawansu kiwon zagaye ɗaki-ɗaki bai fi kiwon sake ba, in dai yawan dabbobin daidai yake. Abin da ya fi tasiri shi ne yawan dabba a fili da kuma ruwan sama. Ka ga dalilin da ya sa na fara wa Alhajin Zariya da sikeli kafin in kai ga ɗakuna. Masu goyon baya suka ce gwajin tashar bincike jadawali yake bi, makiyayi kuwa ciyawa yake kallo ya canja shawara. Su ma akwai ƙamshin gaskiya a tasu.

Inda na rabu da Savory shi ne da'awar cewa shanu za su mayar da hamada daji su kuma gyara yanayin duniya. Wani rahoto da masu bincike a Oxford suka fitar a 2017 ya nuna kabon da kiwo mai kyau ke ajiyewa a ƙasa bai kai ya biya hayaƙin da dabbobin ke fitarwa ba. Savory da kansa ya faɗi cewa shawararsa ce ta sa aka harbe giwaye 40,000 a ƙasarsu da zaton su ke kashe daji, daga baya ya ce kuskure ne babba. Na yaba masa da ya faɗa, amma hakan ya koya mini in riƙa auna maganarsa kamar ta kowa.

Ka kuma bambanta ƙasa da ƙasa. A nan Zariya gamba ce, mai saiwa da ke rayuwa shekara da shekaru, hutu yana yi mata aiki. Can arewa, wajen Tawa ko Tanut, yawancin ciyawar irin su ƙarangiya ce, daga iri take fitowa duk damina ta mutu. Can ruwa ke da magana, kuma doguwar tafiyar makiyaya ta fi kowane shinge dacewa da wurin.

Kuɗin kabon kuwa akwai shi a duniya, amma sai da fili mai faɗi, da takardun mallaka, da awon ƙasa na shekaru. Duk wanda ya zo ƙauyenku da fom yana karɓar kuɗin rajista da sunan kabon, ka riƙe aljihunka.

TAMBAYA: Malam, kashin shanu a filina yana bushewa ya zauna kamar faifai har wata da watanni, ko da damina. A filin maƙwabcina kuwa kwana biyu ya ɓace. Me ya jawo?
Daga wani makiyayi a Lere

AMSA: Malam, buzuzunka ne suka gudu, ko aka kashe su. Buzuzu shi ke haƙa rami ya binne kashin, ya buɗe wa ruwa hanya, ya kuma hana ƙuda da tsutsa wurin hayayyafa. Ostireliya sai da ta shigo da buzuzu daga Afirka tun daga shekarun 1960, saboda nasu na gida bai iya da kashin shanu ba, filaye suka cika da faifai irin naka.

Ina zargin allurar ibamektin, maganin nan na tsutsar ciki da ake yi wa dabbobi. Tana fita a kashi da sauran ƙarfinta har makonni, ta kashe 'ya'yan buzuzu. Ka tambayi maƙwabcin naka, zan yi mamaki in yana yi wa garke duka ita duk wata kamar yadda mutane suka saba yanzu. Ka daina yi wa kowa da kowa. Ka zaɓi maruƙa da waɗanda suka rame ko suke zawo, da shawarar likitan dabbobi, ka tsare su wuri guda na mako biyu bayan allurar, ka tara kashinsu daban. In da hali a yi ta da rani, lokacin da buzuzu ba ya yawo sosai. Damina mai zuwa ka ɗauki sanda ka juya kashin kwana biyu. In ka ga ramuka a ƙarƙashi da ɗan tulin sabuwar ƙasa a gefe, sun dawo. Ka rubuto ka gaya mini.